Tsohuwar tukunyar tururi a asibitin da aka rufe: za ta tashi kuwa?

Mai Walda:
Assalamu alaikum. An ba mu aikin kwashe ƙarafa a wani asibiti da aka rufe shekara da shekaru. A ɗakin da ke jikin na tiyata na tarar da otokilef, tukunyar nan da ake turara kayan aiki a ciki don kashe ƙwayoyin cuta. Rabinta a cikin bango take. Ƙofarta kauri gare ta, da sitiyari a tsakiya, in ka murza sai sandunan ƙarfe su bazu su kama bakin. Na goge agogon matsin da hannun riga, allurar na kwance a kan sifili. A ciki har da faranti da almakashi biyu. Wallahi raina bai so a yanka ta ba. In an gyara, wani ƙaramin asibiti ba zai amfana ba?

Tsohuwar Nas:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka tuna min da aiki, na daɗe ina murza irin wannan sitiyarin. Digiri 121 muke kai ta, minti 15 zuwa 20, ko digiri 134 na minti 3. Amma zafi kaɗai ba ya isa, sai iska ta fita tururi ya ratsa kowane ƙunshi. Tukunyar da robar ƙofarta ta bushe za ta yi ta huci, a ɗauka kaya sun tsarkaka, a kai wa mara lafiya. Abin da nake tsoro ke nan. Almakasan kuma kada ka taɓa su ba safar hannu mai kauri.

Injiniya:
Malam, don Allah kada ka haɗa mata wuta ko da gwaji. A digiri 121 matsin ya kai nauyin fam 15 a kan kowane murabba'in inci. Ƙofa mai ƙafa biyu tsawo da faɗi tana tokare da kusan tan 4. Ciki na iya yin tas alhali tsatsa ta cinye tsakanin bango biyu na tukunyar, bawul ɗin da ke sakin matsi kuma ya cije. Da ruwa masana ke gwada irinta, don ruwa ba ya fashewa kamar tururi.

Sannan ka duba bayanta. In ka ga wani farin abu kamar auduga ko filasta naɗe da bututu, wataƙila asbestos ne, wani ma'adini mai zare-zare da ake naɗa wa bututu don tsare zafi. Ƙurarsa na zama a huhu, cutar sai bayan shekaru da dama take bayyana. Kada injin yanka ya kusance shi.

Mai Walda:
Innalillahi, farin abin yana nan, jiya ma wani yarona ya ɓare shi da hannu. Na tsayar da aiki a ɗakin, na rufe ƙofa, gobe zan gaya wa wanda ya ba mu aikin ya nemo masu gwaji. Hajiya, na gode, maganar robar nan ta shige ni.