An gama kaka: ta ina ake kama lissafin shekara, yaushe kuma za a huta?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Gero da dawa sun shiga rumbu, wake yana shanya, yara ma sun samu hutun makaranta. Ina so in gane ko noman bana ya fitar da ni, amma ban san ta inda zan kama lissafin ba. Ga jiki ya gaji, ga noman rani yana tafe. Me ake fara yi?

Malamin gona daga Kura:
Wa alaikumus salam ƙanena. Nemi littafin 'yan makaranta, kowace gona ka ba ta shafinta. In ka haɗa su, gonar da ta cinye maka kuɗi za ta ɓuya a bayan wadda ta yi kyau. Gefe ɗaya ka rubuta abin da ya fita: iri, taki, feshi, huɗa, ƙwadagon noman fari da na maimai, girbi, sussuka, ɗaukar amalanke, har kuɗin buhunan da aka zuba hatsin. Ɗaya gefen kuma amfanin da aka samu, da tiya ko buhu, ba da dami ba, don damin wani ya yi biyun na wani. Buhu cikakke tiya 40 ake ƙirga shi.

Inda aka fi yaudarar kai shi ne mutum ya bar guminsa da na 'ya'yansa da takin gida babu farashi, sai ya ga riba alhali kuɗin ƙwadagonsa ne ya dawo. Sa musu kuɗi kamar ɗaukar mutane ka yi. Harawa da kara kuma ka sa su cikin amfani, wata shekarar harawar wake ce ke ceton gona. Ka yi lissafin da farashin kasuwa na yau, ba wanda kake fata da bazara ba.

Liman daga Gumel:
Kafin komai, zakka. Nisabin hatsi wasƙi 5 ne, wato sa'i 300, mudun Annabi 1,200. Abin da ruwan sama ya shayar ɗaya bisa goma, na ban ruwa da inji ɗaya bisa ashirin. A mazhabar Malikiyya ba a cire kuɗin taki ko na ƙwadago kafin a fitar, kuma gero daban, dawa daban, ba a haɗa su don cika nisabi. Allah Ya sa albarka.

Inna daga Birnin Kudu:
Ɗana, kada ka kai ko tiya ɗaya kasuwa sai ka zauna da matar gida, ita ta san abin da ake awo kullum. Gidan da ke cin tiya 2 a rana, daga yanzu zuwa sabon gero kusan kwana 300, tiya 600 ke nan, buhu 15. Ware wannan da iri tukuna, bikin kaka ya jira abin da ya ragu. Wake ya bushe har sai ya yi ƙas a haƙori, a zuba a buhun PICS, wato mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga, a matse iska, a ɗaure ledojin biyu da buhun waje kowanne daban, a ɗora kan katako nesa da bango. Ɓera ya huda shi, ƙwari sun samu iska, aiki ya ɓaci. Don Allah ban da zuba maganin ƙwari na Sniper a wake, mutane ne za su ci.

Malamin gona daga Kura:
Maganar hutu na manta. In alkama za ka yi, shukarta daga tsakiyar Nuwamba ne zuwa tsakiyar Disamba, in ta wuce haka zafi zai riske ta tana fitar da kai, ƙwaya ta motse. Saboda haka shuka tukuna, hutu ya biyo baya, tsakanin ban ruwa da ban ruwa. In ba ka da fadama, ɗauki mako biyu cur: barcin rana, zumunci, a je asibiti a auna jini, a duba bayan da ke ciwo maimakon haɗiyar ƙwayoyin 'yan talla. Shanun huɗa ma a sauke musu karkiya, a ba su maganin tsutsar ciki da harawa da dusa da ɗan kanwa. Kai taki gona sai sanyi ya fara sassautawa.

Ɗan Ringim:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Malam, gonar da na karɓa jingina fa, a wane gefen zan rubuta kuɗinta?