Da za a ƙera na'urar da ba ta kuskure wajen kama ƙarya, ya zaman mutane zai koma?

Sadik_Agege:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan wani ƙagaggen labari da nake rubutawa, irin na hasashen gaba, na ɗora shi a nan Legas nan da shekara hamsin. A cikin labarin an ƙera wata 'yar na'ura kamar agogon hannu, in mutum ya faɗi magana alhali ya san ƙarya yake sai ta kawo ja, in ba haka ba ta kawo kore, kuma ba ta taɓa kuskure, ba a yi mata wayo, ba a ba ta cin hanci. Ba irin polygraph ɗin da ake da shi yanzu na gwajin ƙarya nake nufi ba, shi wancan bugun zuciya da numfashi da hawan jini da zufa kawai yake aunawa, mai gaskiya ma in ya tsorata sai ya faɗi.

Abin da ya tsaya min shi ne duk inda na juya labarin sai in ga alheri kawai. 'Yan 419 sun ƙare, ejan ɗin gida ba zai karɓi kuɗin mutum uku a kan ɗaki ɗaya ba, ɗan siyasa ba zai hau mumbari ya yi alkawarin da ya san ba zai cika ba, shari'ar da take cin shekara goma a gama ta kafin azahar. Amma zuciyata tana gaya min akwai wani abu da wannan na'urar za ta karya wanda ban hango ba, kuma shi nake so ya zama ƙashin bayan labarin. Don Allah masu kasuwa da masu shari'a da iyayenmu mata ku taimaka, me kuke gani zai fara canzawa?

Alhaji_Mile12:

Wa alaikumus salam Sadik, Allah ya yi wa rubutu albarka. Ni dai ta ɓangaren kasuwa zan yi magana don shi na sani. Ka ga harkar gwarin nan da muke yi kusan duk a kan baki take tafiya, mutum yana Danja ko Kadawa zai loda kwandunan tumatir a mota ya bugo waya ya ce ga kaya nan tafe, babu takarda babu sa hannu, mota ta biyo ta Mokwa da Jebba da Ilori ta iso nan, a sayar, a kira shi a ce ga yadda kasuwa ta kama yau, ya ce Allah ya sa albarka. A tsakanin nan akwai wurin cuta da yawa ba zan ɓoye maka ba, direba zai iya ƙara kuɗin da aka karɓa a hanya, dillali zai iya cewa rabin kaya ya ruɓe alhali kwata ne. To a nan na'urarka za ta yi aiki, manomi zai ji daɗi sosai.

Amma ka yi tunanin ranar da zan kalli mutumin da muka shekara ashirin muna harka in ce masa ɗaura agogon kafin ka gaya min nawa aka sayar. Wallahi ko kore ta kawo an gama, don na riga na gaya masa ban yarda da shi ba. In kuma ban ce ya ɗaura ba yarana za su ce Baba me ya sa, ko kana tsoron abin da za ka gani ne. Yanzu in an ce wane mai amana ne ai saboda yana da damar ya ci bai ci ba, shi ya sa ake ba shi kaya bashi ake ba shi 'ya. In na'ura ce ta tsare kowa to da me za a gane shi a cikin jama'a? Ka sa wannan a labarinka, dattijon da sunansa ne jarinsa a wayi gari sunan bai fi na kowa ba.

Barista_Hauwa:

Malam Sadik ka taɓo inda nake da abin faɗa, ka yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Farko dai na'urarka ba gaskiya take aunawa ba, abin da mai magana ya yarda da shi take aunawa, kuma tsakanin biyun nan akwai tazara mai ban tsoro. A Amurka an yi wata shari'a sananniya, a 1984 aka yi wa Jennifer Thompson fyaɗe, ta nuna Ronald Cotton ta ce shi ne ba ta ko shakka, aka ɗaure shi, sai a 1995 gwajin DNA ya nuna ba shi ba ne, bayan ya shafe sama da shekara goma a kurkuku. Matar nan ba ƙarya ta yi ba, da zuciya ɗaya ta yi imani shi ne. Da akwai agogonka a lokacin kore zai kawo, kuma abin da ya fi muni shi ne babu alƙalin da zai sake sauraron kowa tunda na'urar da ba ta kuskure ta yi magana. Haka mai yaɗa jita-jita da ya yarda da abin da aka turo masa a WhatsApp, shi ma kore.

Sannan manya za su koyi zama cikin rashin sani da gangan. Oga ba zai ce a je a yi kaza ba, zai ce ku san yadda za ku yi kada ku gaya min, in an tambaye shi ya ce ban sani ba kuma da gaske bai sani ba. Za a samu sabuwar sana'a ta masu tsara magana, a koya wa mai kuɗi yadda zai jera jimloli goma kowacce gaskiya ce amma in ka haɗa su sun kai ka daji. Talaka da ba shi da mai koya masa shi zai riƙa amsa e ko a'a.

Abin da ya fi damuna kuma shi ne wa ke da ikon tambaya. Tsarin mulkinmu na 1999 sashe na 35(2) ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya ga lauya, sashe na 36(11) kuma ya ce ba za a tilasta wa wanda ake tuhuma ya ba da shaida a shari'arsa ba. A duniyar labarinka shirun kansa zai koma laifi, kowa zai ce in kana da gaskiya me ya hana ka ɗaura. Ko da wannan gurguwar na'urar ta yanzu, wato polygraph, wadda John Larson ya haɗa a garin Berkeley na Amurka a 1921, sai da majalisar Amurka ta yi doka a 1988 ta hana yawancin kamfanoni masu zaman kansu gwada ma'aikata da ita, kotun ƙolin Indiya ma a 2010 ta ce ba za a yi wa mutum irin wannan gwajin dole ba. Wannan fa na'urar da Aldrich Ames, jami'in hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA, ya tsallake har sau biyu yana cikin sayar wa Rasha sirrin hukumar kafin a kama shi a 1994. To ina ga wadda ba ta kuskure? Mai gidan haya zai tambaye ka, mai ɗaukar aiki zai tambaye ka wa ka zaɓa, gwamnati za ta tambaye ka ko kana son ta. Ka tambayi kanka a labarin, su masu tambayar wa yake ɗaura musu.

Maman_Hanan:

Ƙanina Sadik, ni cikin gida nake hangowa. Baƙo ya zo daga Arewa da yunwa a ce bismillah ya ce alhamdulillah na ƙoshi, amarya a tambaye ta ya gidan ta ce lafiya lau Mama alhali daren jiya kuka ta kwana yi, amma ta san in ta faɗa tsohuwar hawan jininta zai tashi kuma abin ƙila ya wuce kafin sati. Kara da kawaici da muka taso da su rabinsu ai haɗiye magana ne. Ni a asibiti nake aiki nan wajen Idi-Araba, na sha ganin mara lafiya ya riƙe hannun ɗansa ya ce zan tashi kuwa, ɗan ya ce in sha Allahu Baba za ka tashi, alhali ya ji bayanin likita. Ka ɗaura wa yaron nan agogo ka ga abin da ka yi wa uban.

Kuma addini bai bar wannan a buɗe ba. Ƙarya haramun ce babu mai musu, amma hadisin Ummu Kulsum bint Uƙba ya ce mai sulhu tsakanin mutane ba maƙaryaci ba ne, a ruwayar Muslim an ambaci yaƙi da sulhu da zancen miji da mata. Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana bin diddigin mutane, an kuma yi alkawarin wanda ya rufa wa musulmi asiri Allah zai rufa masa. Mutumin da ya yi kuskure a ƙuruciya ya tuba tsakaninsa da Ubangijinsa, ranar neman aure waliyyi ya ce ɗaura mu ji, ina tubar ta kai shi a idon mutane? Ni wannan ne zai sa ni kuka in na karanta.

Sadik_Agege:

Kai, Allah ya saka da alheri. Anti Maman Hanan maganar neman auren nan ta shige ni, Barista kuma mai shaidar da ta yi kuskure da zuciya ɗaya zan gina babi guda a kanta. Alhaji na gode, dattijon nan zai shiga. Ina ganin na'urar ma ita ce za ta zama muguwar labarin.

Ɗan_Alaba_Rago:

A'a Malam Sadik kada ka yi saurin mayar da ita muguwa, ni ban yarda ba. Duk abin da su Alhaji da Maman Hanan suka faɗa gaskiya ne amma magana ce ta wanda ake jin maganarsa. Ka je ka duba gidajen yarin ƙasar nan, wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke ciki jiran shari'a suke ba a yanke musu hukunci ba, kuma a cikinsu akwai yaranmu da suka zo ci-rani, mai turin baro, mai shushaina, ɗan acaɓa, an yi kame an haɗa da shi, ba ya jin Turanci ba ya jin Yarbanci, an rubuta takarda an ce ya dangwala bai san me ke ciki ba. Wannan yaron da za ka miƙa masa agogon nan da hannu biyu zai karɓa, don shi ba rufin asiri yake nema ba, so yake wani ya yarda da shi sau ɗaya.

Shawarata ka sa jarumin ya zama irinsa. Yana tsare a kan fashin da bai yi ba, an ce ya ɗaura a sallame shi yau ɗin nan, amma ya san in ya ɗaura ba a tambaya ɗaya za a tsaya ba, za a ce to wa ya kwana a shagonku ranar, shi kuma ya san ɗan garinsu ne da ya gudo daga wata fitinar daban, wanda uwarsa ta damƙa masa amanarsa a tasha. Barista don Allah ki gaya mana, a dokar da zai ƙirƙira a labarin, zai yiwu a ba yaron dama ya amsa tambaya ɗaya tak ya cire, ko kuwa da ya ɗaura shi ke nan sai abin da mai tambaya ya ga dama?