An ɓatar da foldar ƙanwata mai farfaɗiya: mu sake asibiti ko mu ci gaba da nema?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ƙanwata shekararta 21, tana da farfaɗiya, shekara bakwai ke nan muna zuwa asibiti ɗaya a nan cikin gari. Epilim take sha, kuma alhamdu lillahi rabon da ciwon ya buge ta yau wata 14. Zuwanmu biyu na baya an nemi foldarta a ɗakin kati sama ko ƙasa an rasa, sai ta wucin gadi aka buɗe mata, falle biyu. Likitan da muka tarar sabo ne. Da ya ji za a yi mata aure bayan Babbar Sallah sai ya ce dole a duba batun sauya magani, amma yana son ganin abin da aka fara ba ta da sakamakon awon ƙwaƙwalwa na farko. Duk suna cikin foldar. Na tuna akwai ƙwayar da aka fara ba ta ta feso mata da ƙuraje aka dakatar, sunanta ne ya kwanta min. To mu ci gaba da sintiri, ko mu je Asibitin Malam Aminu Kano mu yanki sabon kati a faro daga tushe? Kuma nawa ake awon yanzu?

Abu Sumayya: Allah ya ba ta lafiya. Hajiya kun gwada ruƙya? Ɗan maƙwabcinmu a Kurna wata uku aka yi masa da man habbatus sauda, shiru kake ji.

Ɗan Fagge: Ki fara tambayar mai ƙosan bakin get. Ni na taɓa cin ƙosai a cikin sakamakon awon jinin wani bawan Allah, har na ga jininsa bai cika ba na yi masa addu'a.

Baban Hanif: Ku kuna dariya, ni abin nan ya kusa cin ran ƙanina. Yana shekara 16 aka fara ba shi Tegretol, cikin sati biyu jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu da ƙuraje. Likitar lokacin, Allah ya saka mata da alheri, ta dakatar, ta rubuta da jan biro a bangon folda cewa kada a sake ba shi. Na gani da idona. Bayan shekara huɗu aka yi gyaran ɗakin kati, aka ɗaure foldoji da igiya aka jibge a wani sito, tasa ta bi ruwa. Ranar da mahaifiyarmu ta kai shi ina Legas. Ba ta karatun boko, shi kuma ranar bai daɗe da farfaɗowa ba, kansa a jagule. Likita ya ce wane magani yake sha, ta ce fari ne ƙarami. Ya rubuta wancan ɗin dai da aka hana. Kwana kaɗan leɓensa ya farfashe, idanu suka rufe, fata tana saluɓewa kamar wanda aka watsa wa tafasasshen ruwa. Kwana 23 muka yi a kwance, na sayar da babur ɗina. Da na je ƙorafi sai wani ya ce min ai laifinmu ne da ba mu riƙe sunan maganin ba. To me ya sa muka biya kuɗin kati? Har yau idonsa na hagu ba ya son rana. Foldar kuwa ta fito bayan wata takwas, da jan bironta a jiki.

Ummu Khairat: Innalillahi. Allah ya isa kawai. Mu ma haka suka yi mana a awon ciki, aka rasa rukunin jinina ranar haihuwa.

Sadiq Kabuga: Awon ƙwaƙwalwa dubu 15 na biya wa yarona.

Hajiyar Tarauni: Dubu 15 a wace shekarar? Watan jiya dubu 35 na biya a na kuɗi, kuma sai da aka ce mu hana yarinyar barci daren.

Sadiq Kabuga: To an yanke ki Hajiya.

Ɗan Fagge: Wataƙila naki mai kala ne.

Malam Kemis: Magana ta gaskiya ba sai kun wahala ba. Shekarata 18 ina sayar da magani. Epilim ya yi tsada, ku koma Tegretol safe da dare, shi kowa yake sha, mata masu aure ma shi ake ba su.

Sista Rabi: Malam Kemis ka karanta abin da ta rubuta kuwa? Ta ce wata ƙwaya ta yi wa yarinyar ƙuraje kuma ba ta san wacce ba ce. Ka kuma karanta labarin Baban Hanif a sama. Tegretol, Epanutin da phenobarbitone duk suna iya jawo irin ƙurajen nan. Maman Ilham, likitan nan ya yi daidai. Sinadarin da ke cikin Epilim yana iya yi wa ɗan tayi illa, kusan jariri ɗaya cikin goma kan zo da nakasa, har da buɗaɗɗen gadon baya, shi ya sa ake son sauyawa kafin a samu ciki ba bayan an samu ba. Amma kada ta kuskura ta daina sha da kanta rana ɗaya, ciwon zai iya dawowa ya yi ta bugu ba tsayawa. A hankali ake janye wani ana shigar da wani, yana ɗaukar makonni. Bikin ya matso, lokaci ne ba ku da shi.

Malam Kemis: Ke ma ai nas ce ba likita ba. Mu ne marasa lafiyar suke zuwa wurinmu in kun kore su da tsawa.

Sista Rabi: Shi ya sa ban rubuta mata magani ba, kai ka rubuta.

Abu Sumayya: Duk wannan na Bature ne, danne ciwo yake ba ya fitar da shi.

Mai Ciwon Da Kansa: Ku yi haƙuri, ni shekarata 19 da farfaɗiya, ina ga na fi kowa haƙƙin magana a nan. Na sha rubutu, na sha hayaƙi har na ƙone a gwiwa, an tura min cokali a baki na rasa haƙori ɗaya. Ina addu'a ina shan ƙwayata, yau shekara biyar ban faɗi ba, da 'ya'ya uku. Tun da tawa foldar ta taɓa ɓata na sayi littafi mai falle 40. Ranar da na faɗi, ƙarfe nawa, minti nawa, na yi barci daren ko ban yi ba, sunan ƙwaya da miligiram ɗinta, duk ina rubutawa. Kowace takardar likita sai na ɗauke ta a waya kafin na miƙa. Matata kuma ta taɓa ɗaukar bidiyona ciwon yana kaina, likita ya ce ya fi masa awon amfani, don sau biyu ana min awon yana fitowa lafiya lau alhali ina faɗuwa. Anti ki binciki tsofaffin rasiɗai da kwalayen magani a gida, ko kemis ɗin da kuka fara saya. Iyayenmu mata ba sa yar da takarda, ki duba ƙarƙashin katifar Umma.

Na Ɗakin Kati: Kowa mu yake zagi. Mu uku ne a kan mutum ɗaruruwa kullum. Folda ta tafi ɗakin kwanciya ba a dawo da ita ba, ɗalibi ya ɗauka yana rubuta bincikensa, mara lafiya ya cusa ta a hijabi ya kai gida. Ga mai suna Aisha Muhammad sun fi a ƙirga, yau ta ce Aisha gobe A'i, kuma ta yar da ƙaramin katin. Hajiya in lambar tana hannunki ki ce a duba rajistar fita, a ga wa ya sa hannu na ƙarshe.

Baban Hanif: Ku uku ne, amma in an ba da na goro sai ta fito cikin minti biyar.

Na Ɗakin Kati: Ka ji tsoron Allah Malam, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Hajiyar Tarauni: Ai gara takardar ma. Inda muke zuwa an koma kwamfuta, ranar Talata tun bayan asuba muke layi har azahar wai sabis ya ɗauke. Ba a ganin likita, ba a biyan kuɗi, ba a karɓar magani. Yarinya ba ta karya ba, ba ta sha ta safe ba, a kan benci ciwon ya tashi, mutane suka dare wai kada yawu ya taɓa su. A cikin asibiti fa!

Sista Rabi: Yawu ba ya yaɗa ta. A kwantar da ita ta gefe, kada a sa komai a baki, in ta haura minti biyar a nufi ɗakin gaggawa.

Sadiq Kabuga: Sabis ɗin nan har a banki haka ne. Jiya kuɗina sun fita, mai POS ya ce bai gani ba.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, lambar tana nan, kuma Umma ta fito da wata leda cike da takardu, yanzu muke zazzagewa. Amma har yanzu ba wanda ya ce min mu koma Malam ko mu tsaya. Kuma sai da takardar turawa suke karɓa?

Ummu Khairat: Ni tambayata, shi angon an faɗa masa kuwa?

Ɗan Fagge: Sadiq wane bankin ne? Nawa ma kwana huɗu ke nan.