Shawarwari kan Mahaɗai da Martabar Shafi a Google

Masu ƙananan kasuwanci da suka tattauna a Wuse, Abuja, sun amince cewa Google na ɗaukar mahaɗin (wato link, abin da ake latsawa a tafi wani shafin intanet) da wani shafi ya yi zuwa naka a matsayin shaidar ingancin shafinka, bisa tsarin auna martabar shafuka mai suna PageRank da Larry Page da Sergey Brin suka ƙirƙiro a jami'ar Stanford. Sai dai shaidun ba ɗaya suke ba, domin mahaɗi guda daga jarida mai mutunci, wanda ya shafi sana'arka, ya fi tarin mahaɗai daga shafukan da ba mai karantawa. Sun ja kunne sosai kan sayen mahaɗai, kuma a ganina sun yi daidai, tunda Google ya tsananta farautar wannan maguɗi da sabuntawar tsarin bincikensa mai suna Penguin a 2012. Makin Domain Authority kuwa, wanda wasu ke auna ƙarfin shafi da shi, na kamfanin Moz ne, Google ba ya aiki da shi.