Wane kuloci zan saka wa Vespa PX 150 bayan na ƙara mata ƙarfi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin Vespa ku taimaka min da shawara, abin nan ya isheni.

Na saka mata silindar Polini 177, na canza kafireta da salansa. Tana tashi lafiya, amma da na shiga giya ta uku na murɗa mata wuta, sai inji ya yi ta kururuwa, ita kuwa tana nan tana jan ƙafa. Kulocin asali ne a ciki, mai sifirin 6 da faifai 3. Na gyara kebur, na zuba sabon mai SAE 30, na canza faifan. Bayan sati biyu na buɗe, sun yi baƙi ƙirin, sai ƙaurin ƙuna.

Na gwada sifirin masu tauri. Zamewar ta ragu, amma hannun hagu ya ji a jikinsa, musamman a cunkoso.

Yanzu hankalina ya karkata ga kulocin Cosa (wani samfurin Vespa) mai sifirin 8 da faifai 4, don ya fi laushi. Abin da ke ba ni tsoro shi ne kwandonsa, wato gidan da faifan ke zama a ciki, an ce yana buɗewa in inji ya yi juyi da yawa, sai an ɗaure shi da zobe. Kuma da yake ya fi kulocina faɗi, sai an goge cikin murfin kulocin?

Sai batun haƙoran giyar kulocin: in tsaya a 21 ko in koma 22? Ba tsere nake yi ba, amma ina yawan ɗaukar mutum a baya. Wanda ya taɓa saka faifan kulocin babur Honda CR80 ma ina son jin yadda suka kaya.