Shafin sanarwar tsaro ya sauya fasali, sikirefa ta daina kwaso komai: yaya kuka yi da taku?

Mai_gadin_saba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa a kan wannan matsala. Muna da 'yar manhaja ta Python, wato sikirefa, da ke zagaya shafukan sanarwar tsaro na kamfanonin da muke amfani da kayansu, ta kwaso sabbin sanarwa, ta turo mana ta imel kowace safiya. Ɗaya daga cikinsu, wani mai ƙera na'urorin sadarwa, ya yi wa shafinsa kwaskwarima. Da jadawali ne mai layi-layi, yanzu ya koma akwatuna masu hoto. Abin haushin shi ne sikirefar ba ta faɗi ba. Ta buɗe shafin, saba (na'urar da ke ɗauke da shafin) ta amsa mata da 200, wato lambar "komai lafiya", ta nemi layukan jadawali ba ta gani ba, sai ta rubuta "babu sabuwar sanarwa" ta koma ta kwanta. Haka imel ya yi ta zuwa lafiya lau, har wani abokin aiki ya tsinci labarin wani faci, wato gyaran ɓarakar tsaro, a wani wuri dabam, ya tambaye ni me ya sa ba mu saka ba. Gyaran kansa bai ci mini lokaci ba. Abin da nake nema shi ne yadda zan sani ranar da ta makance.

Tsohon_admin:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wadda ta faɗi ta yi ihu ai ta yi maka gata. Wadda ta yi shiru ita ce matsala, kuma a wannan aiki shiru ma magana ce.

Ga abin da muke yi a wurinmu. Shafin sanarwa ba ya zama fayau, ko da kamfani bai fitar da komai ba a watan, tsofaffin suna nan a jere. Saboda haka mun raba tambaya biyu da mutane ke haɗawa: sanarwa nawa na gani a shafin, kuma nawa ne sababbi a cikinsu. Ta biyun tana iya zama sifili, ba laifi. Ta farkon in ta zama sifili, manhajar ta tsaya nan take da kuskure, ta buga ƙararrawa. Haka in jiya ta ga ɗari da wani abu yau ta ga goma, nan ma ƙararrawa, don sau da yawa ma'anarsa an raba jerin zuwa shafi-shafi, ita kuma na farko kawai take karantawa.

Sai kuma wata dabara da nake ji da ita. A kowane kamfani mun zaɓi tsohuwar sanarwa guda da muka san lambarta da ranarta da takenta. Duk zagaye sai sikirefa ta nemo ta, ta gwada abin da ta samo da abin da muka ajiye. In ta kasa kawo wadda muka sani, ba mu da dalilin yarda da ita a kan wadda ba mu sani ba. Wannan ce ta kama mana ranar da wani shafi ya juya tsarin kwanan wata, wata ya dawo gaba, rana ta koma baya. Ƙidaya ba ta sauya ba, komai na nan cif, sai dai 3 ga Afrilu da ake rubutawa 03/04 ta koma 04/03, manhajar ta karanta ta a matsayin 4 ga Maris, sanarwar ta faɗa cikin "tsofaffi" aka tsallake ta.

Kar ka manta da ita kanta ƙararrawar. In cron, mai tayar da manhajar a kan lokaci, ya mutu, babu wanda zai gaya maka. Mu manhajar tana aika "na gama" zuwa wata na'ura dabam, in saƙon bai iso ba a lokacinsa waccan ce ke tashin mu.

Injiniya_mai_Scrapy:
Malam Tsohon_admin ya gama magana a kan shiru. Ni abin da na gada a wurin aiki wani iri ne: tana kwasowa, amma abin da take kwasowa gurgu ne. Wanda ya rubuta ta ya sa ta nemi lambar CVE, wato lambar shaidar da ake ba ɓarakar tsaro, da tsarin shekara sannan lambobi huɗu daidai. Haka tsarin yake tun 1999, amma daga 2014 aka buɗe shi ya ɗauki lambobi huɗu ko fiye. Sai ga Log4Shell, ɓarakar da aka gano a manhajar Log4j, a Disambar 2021, CVE-2021-44228, manhajar ta yanke wutsiyar ta ajiye CVE-2021-4422. Lamba ce mai kama da gaskiya, babu wanda zai kalle ta ya yi zargi, amma in ka je neman bayaninta ba za ka ga komai game da Log4j ba. Ku duba naku, har yau ina cin karo da wannan a tsofaffin sikirif.

Game da akwatunan da ka ce, Yaya Mai_gadin_saba, ina kyautata zaton JavaScript ne ke zana su bayan shafin ya buɗe, shi ya sa BeautifulSoup, kayan Python na karanta shafi, ba ta ganin komai sai ƙwarangwal. Kafin ka ɗauko Playwright ko Selenium, masu sarrafa burauza ta gaske, buɗe kayan aikin burauza ka kalli buƙatun da shafin ke aikawa. Galibi za ka tarar yana jawo jerin ne daga wani adireshi a tsarin JSON, tsarin bayanai da na'ura ke karantawa cikin sauƙi. Ka ɗauka daga can. Ya fi sauƙi, kuma masu zanen shafi ba su cika taɓa shi ba in suna canza launi da hoto. In dole sai ka karanta HTML, kar ka jingina da sunayen da injin gini ke ƙirƙira wa sassan shafi, irin haruffa barkatai ɗin nan, suna sauyawa duk lokacin da aka sake ginin shafin. Jingina da abin da ɗan'adam ke karantawa: kan rubutu, tsarin lambar sanarwa, siffar adireshinta.

Mai_binciken_rauni:
Ku yi haƙuri, amma ni ina ganin muna ta gyaran abin da ya kamata mu rage. A inda akwai hanyar da aka tanada don na'ura, me ya kai mu karanta shafin mutane? CISA, hukumar tsaron intanet ta Amurka, na fitar da jerin ɓarakar da aka tabbatar masu kutse na amfani da su, wato KEV, tun Nuwambar 2021, a JSON da CSV. Rumbun ɓaraka na OSV na nan don manhajojin buɗaɗɗen tushe. Debian na da JSON na mabiyin tsaronta. Bayanan CVE gaba ɗaya suna GitHub a ma'ajiyar cvelistV5. Sannan akwai CSAF 2.0, tsarin rubuta sanarwar tsaro don na'ura da ƙungiyar OASIS ta fitar a 2022, wanda Red Hat da Cisco da Siemens ke wallafa sanarwa da shi. Abu na farko da nake yi da sabon kamfani shi ne in gwada /.well-known/csaf/provider-metadata.json, in babu in duba security.txt nasu (fayil ɗin bayanan tuntuɓar sashen tsaro), in babu in nemi RSS (jerin sabbin wallafe-wallafe da na'ura ke bi). Sikirefa ita ce ta ƙarshe. Da muka bi jerinmu da wannan ido, kaso mai tsoka ya fita daga hannunta.

Tsohon_admin:
Na yarda da kai, ranka ya daɗe, amma kar matasa su ɗauka in an koma API, wato hanyar da aka tanada don na'ura, an huta. NVD, rumbun bayanan ɓaraka na gwamnatin Amurka, ta fito da API 2.0 a 2022, ta rufe na farkon a Disambar 2023, kuma tsarin amsar ya bambanta. Daga Fabrairun 2024 kuma aikin ƙara wa sabbin CVE makin CVSS (makin girman haɗari) da jerin kayan da abin ya shafa ya ja baya sosai. Duk wanda manhajarsa ke cewa "turo mini masu maki 7 zuwa sama" ya daina ganin waɗanda ba a ba su maki ba tukuna. API na amsawa, JSON ɗin lafiyayye, amma gurbin da kake tacewa da shi babu kowa. Shirun nan ne dai ya dawo ta wata ƙofa. Mu yanzu duk wadda ba ta da maki muna tura ta gaban mutum. Ga kuma CVSS 4.0 da ya fito a Nuwambar 2023, wanda ke zama a wani gurbi dabam da na 3.1.

Masu shekaru a aikin za su tuna 2017, lokacin da Microsoft ta daina fitar da sanarwa masu lamba irin MS17-010 ta koma Security Update Guide. An sanar tun da wuri. Bambancin API da shafi ke nan a wurina: shi API yawanci ana gaya maka kafin a canza, in dai kana bin sanarwarsu.

Ɗaliba_a_fagen:
Sannunku da ƙoƙari, ina ƙaruwa. Tawa ba fasali ne ya sauya ba, kawai ta fara samun 403, wato an hana ta shiga, wani lokaci kuma shafin "tabbatar kai mutum ne". An ba ni shawarar in riƙa sauya adireshin IP. In yi?

Injiniya_mai_Scrapy:
A'a ƙanwata, kar ki fara. Duba sau nawa kike bugun shafin tukuna. Sanarwar tsaro ba ta buƙatar dubawa kowane minti. Ki karanta robots.txt (ƙa'idojin shafin ga manhajoji), ki sa sunan manhajarki da imel na aiki a User-Agent (layin da manhaja ke gabatar da kanta), ki yi amfani da ETag ko If-Modified-Since don saba ta amsa miki da 304, wato "bai sauya ba", in babu sabon abu. In kin ga 429, wato buƙatunki sun yi yawa, ki ja baya. Ko NVD buƙata biyar take bari a daƙiƙa 30 in ba ki da mabuɗin API, hamsin in kina da shi. In duk da haka an rufe, ki rubuta wa sashen tsaron kamfanin ki ce ke mai amfani da kayansu ce, kina neman hanyar karɓar sanarwa. Na taɓa yin haka aka turo mini adireshin RSS da ba a saka a shafin ba. Kuma ki lura, shafin "tabbatar kai mutum ne" wani lokaci da 200 yake zuwa, don haka ki koya wa manhajar gane shi.

Mai_aikin_dare:
Ban ga wanda ya taɓo abin da ke biyo bayan gyara ba. Ka gyara sikirefa yau, to kwanakin da ta yi a makance fa? In tana tambayar "me ya fito tun jiya", waɗancan sun wuce ke nan. Mu muna ajiye lambar kowace sanarwa da muka taɓa gani, sabuwa ita ce wadda ba ta cikin rumbun, ko yaushe aka wallafa ta. Da an gyara sai gibin ya cike da kansa.

Muna kuma adana ainihin shafin da aka sauko da shi a kowane zagaye, a matse. Ranar da abu ya lalace sai in ɗora na jiya kusa da na yau in ga abin da ya motsa, kuma tsofaffin su ne kayan gwajin sabon kod.

Wanda har yanzu yake ba ni wahala shi ne sanarwar da ake gyarawa a wurinta. Lamba ɗaya, adireshi ɗaya, amma an ƙara wani samfuri cikin waɗanda abin ya shafa, ko an rubuta cewa yanzu ana kai hari da ɓarakar. Na gwada ɗaukar zanen yatsan shafin gaba ɗaya, sai ƙararrawa ta dame mu saboda talla da ranar da ke ƙasan shafi. Yanzu sassa uku kawai nake bi: jerin samfura, sigar da aka gyara, da matakin haɗari. Wani kamfanin kuma duk wannan a cikin PDF yake zuba shi, jadawalin ma hoto ne. Wannan kam mun cire shi daga manhaja, mun sa shi a jerin aikin wanda ke kan duti, ya buɗe da hannu ranar Litinin da Alhamis ya sa hannu cewa ya duba.