Yadda za a yanka kwas ɗin jami'a rukuni-rukuni don koyarwa ta intanet

Sabon Malami:

Assalamu alaikum, malamai. Ina neman shawara a kan kwas ɗin gabatarwar ilimin ƙididdiga na 'yan shekarar farko, mai kiredit 3, zangon karatu mako 15, ɗalibai kusan 200. Ana so a mayar da shi kan intanet gaba ɗaya, a tsara shi rukuni-rukuni a dandalin koyarwa na Moodle. Abin da ke hannu lakca 14 ce da aka ɗauka a bidiyo, kowace ta kai awa biyu, sai littafi mai babi 16. Da me ake yanka rukuni, da mako ko da babi? Me ya kamata ya shiga cikin kowanne? Kuma a kulle na gaba har sai ɗalibi ya gama na baya, ko a bar komai a buɗe?

Mai Tsara Manhaja:

Wa alaikumus salam, Malam. Ajiye littafin da bidiyon tukuna, ka fara da lissafin awoyi. A tsarin kiredit na Amurka, kiredit ɗaya yana nufin awa ɗaya a aji da awa biyu na karatun ɗalibi shi kaɗai a kowane mako, tsawon mako 15 ko kusa da haka. Kenan kiredit 3 awa 9 ne a mako, awa 135 a zango. In jami'arku tsarin Turai na ECTS take bi, kiredit ɗaya awa 25 zuwa 30 ne, a Birtaniya kuwa awa 10. Duba wanda kuke kai, don wannan adadin shi ne iyakar abin da za ka iya ɗora wa ɗalibi.

Cikin awa 135 ɗin, ware makon farko don share fage: yadda ake shiga dandalin, yadda ake miƙa jinga, da ɗan gwajin da ba shi da maki don kowa ya tabbatar na'urarsa na aiki. Ware mako biyu na ƙarshe don bita da jarrabawa. Saura mako 12, wato awa 108. Raba su rukuni 6, kowanne mako biyu, awa 18. Na fi son mako biyu a kan mako ɗaya saboda ɗalibin da rashin lafiya ko aiki ya ɗauke shi kwana uku yana da sauran damar kamo 'yan'uwansa kafin a rufe.

Yanzu ga kowane rukuni ka rubuta abu biyu zuwa huɗu da ɗalibi zai iya YI idan ya gama. A nan gizo ke saƙar. "Ɗalibi zai fahimci matsakaici" ba ya auno, don babu yadda za ka ga fahimta da ido. "Ɗalibi zai iya zaɓar ma'aunin tsakiya da ya dace da jerin alƙaluma masu karkata gefe guda, ya kuma faɗi dalilinsa" wannan yana auno. Daga nan sai ka rubuta jingar da za ta nuna ya iya, sannan a ƙarshe ka nemo karatu da bidiyon da za su kai shi can. John Biggs ne ya yi fice da wannan ra'ayi na daidaita manufa da gwaji da koyarwa tun 1996. Idan ka bi wannan jeri za ka ga wasu babobi biyu sun haɗe a rukuni ɗaya, wani babin kuma ba shi da gurbi sam. Kada ka ji tausayinsa, saka shi cikin ƙarin karatu na ganin dama.

Rabon awa 18 ɗin, ga misali: bidiyo awa 3 (ainihin tsawonsa awa ɗaya da rabi, domin ɗalibi yana tsayarwa yana rubutu yana maimaitawa, sai ka ninka biyu), karatu awa 4, atisayen lissafi awa 5, tattaunawa awa 2, jinga awa 3, gwaji awa 1. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙirga tsawon bidiyo kawai a manta da sauran, sai ka tarar rukunin da aka ce na awa 18 ne yana cin 30, ɗalibai su fara tsallake karatun su nufi gwaji kai tsaye.

Injiniyan Dandali:

Malam, waccan lakcar ta awa biyu kada ka ɗora ta yadda take. Akwai binciken da Philip Guo da abokan aikinsa suka fitar a 2014 a kan kallon bidiyo kusan miliyan 6.9 a dandalin edX, suka ga cewa yawancin masu kallo ba sa wuce kusan minti 6 komai tsawon bidiyon. Sun kuma ga cewa lakcar aji da aka daddatsa ba ta riƙe mai kallo kamar wadda aka shirya tun farko don intanet. Saboda haka sake ɗauka ya fi yanka. Bidiyo ɗaya, batu ɗaya, tambaya ɗaya ko biyu a bayansa.

Ka yi lissafin nauyin fayil ma. Bidiyon minti 6 a kan megabit ɗaya a daƙiƙa yana kai megabait 45. In ka rage shi zuwa kilobit 500 ya koma kusan 22, kuma ga rubutun allo da murya wannan ya wadatar. Murya zalla a kilobit 64 ba ta kai megabait 3 ba. Ajiye rubutaccen bayanin kowane bidiyo a gefensa, da rubutun ƙasan allo don kurame da masu kallo a wuri mai hayaniya. Jadawalin alƙaluma kuma kada a saka shi a matsayin hoto, manhajar da ke karanta wa makafi allo ba ta iya karanta shi.

Abin da ke kashe rukuni bayan shekara ɗaya shi ne abin da malami ya faɗa cikin bidiyo ba da niyya ba: "kamar yadda muka gani makon jiya", "jingarku ranar Alhamis ce", "duba shafi na 84". Da zarar an sauya jeri ko an sake buga littafin, sai a sake ɗauka. Duk kwanan wata da lambar shafi su zauna a shafin gabatarwar rukuni, inda gyara na minti ɗaya ne. Kowane rukuni kuma ya zo da siffa iri ɗaya: gabatarwa, kashi-kashi na karatu, atisaye, tattaunawa, jinga, gwaji. Ɗalibi ya koyi hanyar sau ɗaya ya huta.

Batun gwaji: in tambaya 10 za ka yi, tanadi 40 a rumbun tambayoyi, Moodle ta riƙa zaɓowa. Amma kada ka zuba su duka a wuri ɗaya. In ka yi haka wani zai ci karo da masu wuya takwas, wani masu sauƙi takwas, makinsu ba zai gwadu ba. Kasa rumbun bisa manufa da kuma wahala, ka ce a ɗauko biyu nan, uku can.

Kullewa kuwa, Moodle na ba ka damar ɗaure buɗewar abu da kwanan wata, ko da maki, ko da kammala wani aiki. Guji sharaɗin "ya buɗe shafin" kawai, dannawa ɗaya ta cika shi. Guji kuma ɗaure shi da jingar da kai za ka duba da hannu, don ranar da ka makara da dubawa mutum 200 za su tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa.

Malamar Lissafi:

Na yarda da lissafin awoyin, amma ina da ja a kan wani abu da ake yawan faɗa, wai kowane rukuni ya tsaya da ƙafarsa har a iya ɗauke shi a kai wani kwas. Wannan yana yiwuwa a kwas irin na nazarin batutuwa daban-daban. Ƙididdiga gini ce, bulo kan bulo. Wanda bai riƙe yiwuwar aukuwa ba, ba zai gane rarrabuwar samfur ba, wanda bai gane wannan ba kuwa gwajin hasashe haddar dabara kawai zai zame masa. Kafin ka yanka komai, Malam, ɗauki takarda ka zana akwati shida, ka ja kibiya daga kowane rukuni zuwa wanda ya dogara da shi. Inda kibiya ta yi yawa, can ne kullewa ke da amfani. Inda babu kibiya, bar shi a buɗe.

Cutar tsarin rukuni ita ce ɗalibi ya ci gwaji ya rufe rukunin a ransa, ya manta. Magani biyu ne. Na farko, cikin tambaya 10 na kowane gwaji, biyu ko uku su fito daga rukunan baya. Na biyu, a ba su tarin alƙaluma guda ɗaya tun rukuni na 1 su riƙa komawa kansa: yau su zana shi, gaba su taƙaita shi, gaba su ɗebi samfur daga ciki, a ƙarshe su gwada hasashe a kansa. Zaren da ke ɗinke rukunan kenan.

Maganar minti 6 ma a riƙe ta da sassauci. An yi binciken ne a kan kwasa-kwasan da kowa ke shiga kyauta ya fita lokacin da ya ga dama. Warware matsala ɗaya daga farko zuwa ƙarshe na iya cin minti 12, kuma datse ta a tsakiya ɓarna ce.

Sannan ba wanda ya ƙirga awoyin malami. Ɗalibi 200, jinga 6, minti 10 kowace: awa 200 kenan na dubawa, ban da amsa tambayoyi. Rage jingar hannu zuwa uku, a rukuni na 2 da na 4 da na 6, sauran na'ura ta duba. Tattaunawa kuma a kasa su ƙungiyoyi na mutum 15 zuwa 20, in ba haka ba goman farko za su faɗi komai, sauran su rubuta "na yarda".

Sabon Malami:

Na gode ƙwarai, malamai. Malama, in na kulle da maki, nawa zan sa? Ina tsoron wanda ya kasa ya maƙale a rukuni na 2 har zango ya ƙare.

Malamar Lissafi:

Kada ka ɗaure shi da gwajin da ke shiga sakamako. Yi wani ɗan gwajin shiri mai tambaya 5 zuwa 8, a iya maimaita shi ba iyaka, kowace amsa da bayanin dalilin kuskure, ka sa kashi 60 ko 70 cikin ɗari. Sai ka haɗa sharaɗi biyu da "ko": rukuni na gaba ya buɗe idan an ci gwajin shirin, ko idan kwana uku sun wuce da ranar fara shi. Mai sauri ya wuce da wuri, mai rauni ba ya maƙalewa. A rana ta huɗu ka buɗe rahoton kammalawa, ka fitar da sunayen waɗanda kwanan wata ne ya buɗe musu, ka tura musu saƙo da atisayen da za su koma kai.